Muryar Mamaci a Bakin Na'ura: Nazarin "Taylor Made Freestyle"

Gambarar zamani ta Amurka, wato hip-hop, a kan aro aka gina ta. A 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, DJ Kool Herc ya riƙa maimaita gaɓar ganga daga fayafayan wasu mawaƙa domin masu rawa. Daga nan yanko sautin tsohuwar waƙa a ɗora sabuwa a kansa ya zama sana'a. Saboda haka duk wanda ya ƙi ƙirƙirarriyar basira don kawai aro take yi, bai san tarihin wannan kiɗa ba. Abin tambaya shi ne me aka ara, kuma da yardar wa.

A watan Afrilun 2024, ana tsakiyar zambo tsakanin Drake da Kendrick Lamar, Drake ya saki "Taylor Made Freestyle". A cikinta na'ura ta rera wasu baitoci da muryar Snoop Dogg, wasu kuma da ta Tupac Shakur, wanda aka kashe tun 1996. Dabarar tana da kaifi, domin magabatan da Kendrick yake girmamawa, 'yan yankinsa na yammacin Amurka, su aka sa suna zungurarsa ya fito ya mayar da martani. Masu kula da gadon Tupac suka yi barazanar kai ƙara, cikin 'yan kwanaki aka janye waƙar.

A ganina, laifin waƙar ya wuce na shari'a. Mai yanko sauti yana ɗauko abin da mawaƙi ya riga ya faɗa da bakinsa, mai saurare kuma yana iya bin sawu har ya kai ga asali. Drake kuwa ya cusa wa mamaci maganar da bai taɓa yi ba, a rigimar da bai sani ba, alhali ba shi da halin musantawa. A gambara murya shaida ce. Ana gaskata Tupac ne saboda ya rayu cikin abin da yake waƙewa, na'ura kuwa amon kawai ta kwaikwayo.

Akwai inda haɗin gwiwar ya fi tsabta. A watan Mayun shekarar, Metro Boomin ya yanko "BBL Drizzy", waƙar da ɗan barkwanci King Willonius ya rubuta, na'ura ta rera, ya ɗora mata ganga. Mutum ne ya rubuta, mutum ne ya zaɓa, ba a jingina wa wani sananne magana ba. Ko a nan da sauran rina a kaba, tunda a watan Yuni manyan kamfanonin waƙa suka kai Udio da Suno kotu kan waƙoƙin da aka horar da na'urorinsu da su.

Na'ura tana iya zama 'yar amshi a ɗakin haɗa kiɗa. Idan aka ba ta muryar wanda ba a nemi izininsa ba, sai a tuna cewa kayan aro ba ya rufe katara. Kendrick ya mayar da martani da muryarsa, kuma waƙarsa "Not Like Us" ta ci kyautar Grammy biyar a 2025.