Waƙar Ungozoma: Ma'aunin Rayuwa a Marsiyyoyin Nana Asma'u

A zaman makoki ake gane abin da mutane suka ɗauka rayuwa mai kyau. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mai shigowa ya durƙusa ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" A ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa. Sai a ɗan yi shiru, can wani ya buɗe baki ya faɗi abin da ya sani game da mamacin. Wannan 'yar maganar ita ake kira shaida, kuma Bahaushe bai ɗauke ta da wasa ba, domin hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna cewa abin da jama'a suka faɗa a kan gawa yana da nauyi a wurin Allah. Marsiyya, wato waƙar alhinin mutuwa, shaida ce da aka ɗora a kan kari da amsa-amo don kada ta tashi tare da masu zaman makoki.

A ganina babu wanda ya san darajar wannan fanni a ƙasarmu kamar Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, don haka da yaƙi da yunwa ta buɗe ido. Allah ya yi mata tsawon rai, mai tsawon rai kuwa shi ke shan ta'aziyya. Mahaifinta ya rasu a 1817, yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, daga baya mijinta Waziri Giɗaɗo, ga 'yan'uwa ga aminai. Da dama daga cikinsu ta yi musu waƙa, wasu da Larabci, wasu da Fulatanci, ƙanenta Isa kuma ya mayar da waƙoƙinta masu yawa zuwa Hausa. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta a littafi guda a 1997.

Dubi yadda ta yi da Bello. Mutum ne da ya riƙe daula shekara ashirin, ya kafa ribaɗi irin su Wurno, ya fita yaƙi da kansa ba sau ɗaya ba. Da makaɗin fada ne ya samu wannan dama, da mun sha kirari har mu gaji: gwarzo, toron giwa, dodon maza. Ita kuwa da ta zauna yi masa alhini sai ta lissafa iliminsa da tsoron Allah da kyauta da tausayin mai rauni. Ba rashin sanin yaƙi ya kawo haka ba, domin ta rubuta waƙa sukutum a kan yaƙin Gawakuke na 1836. Tarihin nasara yana da nasa wurin a wajenta. Idan aka zo awon ran mutum bayan ya kwanta dama, takobi ba ya hawa sikelinta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne waɗanda ta ga sun cancanci waƙa. Akwai Halima, maƙwabciyarta, mace ce da ba ta da sarauta, ba a kuma san ta da wani littafi ba. Asma'u ta yabe ta da hankali da haƙuri, da riƙon zumunci, da iya zama da yaro da babba. Akwai Zaharatu, wadda aka san ta da zama wurin mata masu naƙuda, da yi wa mamata sutura, da koyar da waɗanda ba su sani ba. A tsaya a nan a duba irin aikin. Naƙuda ba ta sallama, tsakar dare take bugo ƙofa. Wankan gawa kuwa aiki ne da mutane da yawa ke kakkaucewa, ko na jininsu ne. Wannan baiwar Allah ita ke tarbar mai shigowa duniya, ita ke sallamar mai fita, hannunta kullum cikin jini da ruwa. 'Yar Shehu, matar Waziri, ƙanwar Sarkin Musulmi, ta ɗauki alƙalamin da ta yi wa Bello kuka da shi ta yi wa ungozoma. A ƙasar da waƙa ta saba bin rawani da doki da mai abin hannu, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Sai bayan shekaru ɗari muka ji Ɗanmaraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, kuma har a lokacin abin ya zama abin magana.

Akwai kuma Hauwa'u, ɗaya daga cikin matan da ta naɗa jaji, kuma ta nan ne za a gane cewa waƙoƙin ba don kuka kaɗai aka yi su ba. Asma'u ta kafa tsarin da ake kira 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai ilimi da amana daga ƙauye, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle, ta zama jaji. Jaji ke jagorantar 'yan mata da tsofaffi a ƙafa zuwa Sakkwato, su ɗauki karatu, su haddace waƙoƙi, su koma su koyar da matan aure da ba sa fita. Tsarabar da suka zo da ita, hatsi ne ko zuma ko man shanu, takan ƙare a hannun mabukata. Idan sun koma gida su ne masu duba marar lafiya da sasanta masu rigima da wanke mamata. Waƙar da aka yi wa Zaharatu, in ta shiga bakin irin waɗannan mata, ta zama darasi. Yarinyar da ta ji ana rera ta tana tsince tsakuwa a gero ta ji sunan wadda ake so ta yi koyi da ita, ta kuma ji aikin da ya kai ta ga wannan matsayi.

A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya kawo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Lissafin ya yi daidai, duk Bahaushe zai gyaɗa kai. Sai dai mafi yawansu halaye ne na kamun kai, mutum zai iya tara su yana zaune a zaurensa bai cuci kowa ba, bai kuma ɗauke wa kowa kaya ba. Kirkin da ke cikin marsiyyoyin Asma'u yana da ƙafa. Yana tashi ya tafi gidan mai jego, ya leƙa ɗakin marar lafiya, ya yi tafiyar kwanaki don ɗauko karatu.

Ban ce fannin ba shi da rauni ba. Wanda ya karanta marsiyyoyin a jere zai ga siffofin suna maimaituwa har fuskokin su fara kama da juna, domin al'adar ba ta yarda a ambaci aibin mamaci ba, kuma mutum in aka cire masa aibi an rage masa kamanni. Haƙurin da ake yawan yabon mata da shi ma yana da kaifi biyu. Na sha jin an rufe bakin matar da ake zalunta da wannan kalma, a ce mata mace ta gari ba ta kai ƙara. Kuma kada a manta Sakkwato ta wancan zamani cike take da matan da yaƙi ya raba da garuruwansu ya mai da su bayi, alhali muryar da ke zaɓen wanda za a yaba ta 'yar babban gida ce. Duk da haka, cikin iyakar zamaninta, ta sauko da yabo ƙasa fiye da yadda aka saba.

Mu fa? Sanarwar rasuwa a rediyo da Facebook yanzu takan fara da jerin muƙamai, ta ƙare da sunayen manyan da suka halarci jana'iza. Waƙoƙin ta'aziyya da ake bugawa a situdiyo akasari na masu mulki ne da masu kuɗi, kuma sau da yawa magadan da za su yi kyauta ake kallo, ba mamacin ba. Abin yana ci mini rai, domin yara suna ji, kuma daga abin da muke yabawa suke koyon abin da za su nema.

A unguwarmu an yi wata tsohuwar ungozoma. Tana da reza sabuwa da zare a ƙulle a bakin zane, ko wane lokaci aka buga mata ƙofa za ta ɗauki fitila ta biyo ɗan aike. Ita ke yanke cibiya, ta dafa ruwan wankan jego da ganyen darbejiya, ta tsaya a kan mai jego sai ta shanye kunun kanwa. In haihuwa ta zo da gardama ba ta ja-in-ja, ita ke fara cewa a nemo mota a tafi asibiti. Ladanta ɗan sabulu ne da turmin atamfa in an samu, da ƙafar rago ranar suna. Ranar da ta rasu ba a yi sanarwa a ko'ina ba, amma kafin azahar cikin gidan ya kasa ɗaukar mata, har suka cika soro. Wata ta shigo da goyo tana jan yara biyu, ta durƙusa gaban 'yar marigayiyar ta ce, "Yaya, duk ukun nan Inna ce ta wanke su, ni ma ita ta wanke ni." Ta kusa da ita ta ce nata biyar ne. Ta bayansu ta ce bakwai, har da wanda bai zo da rai ba, Inna ce ta naɗe shi a ƙyalle ta miƙa wa maza. Haka suka yi ta ƙirgawa har aka kira la'asar.