Ƙauraye a Kan Takarda

A shekarar 1982 aka buga littattafan da suka yi fice a gasar rubutu ta Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya, sai ga Katsinawa a sahun gaba. Sulaiman Ibrahim Katsina ya zo da Turmin Danya, labarin attajirin da ya yi ƙiba da fasa-ƙwauri da cin hanci. Bature Gagare kuma ya zo da Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda har gobe in ana neman littafin Hausa da ya fara kutsawa duniyar miyagu gadan-gadan, da bindiga da wiwi da jini, shi ake fara ambato. Mailoma, uban tafiyar labarin, ya sha bamban da ɓarayin Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, masu gasar wayo don a yi dariya. Shi ɗan zamanin bayan yaƙin basasa ne, lokacin da rai ya yi araha.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan. A tsakanin nan birnin Katsina ya haifi nasa 'yan daba, waɗanda Bakatsine ke kira ƙauraye, kamar yadda Bauchi ke da sara-suka, Gombe ke da kalare. Kowa ya san su: rikicin unguwa da unguwa, sare-saren da kan biyo bayan tashe ko hawan salla, ƙwacen waya, jagaliya a kakar zaɓe. Amma in sun shigo ƙagaggen labari, sau da yawa sai ka ga ba su ba ne. A ganina gado biyu ne ke riƙe hannun marubucinmu, kuma duka biyun masu daraja ne a muhallinsu.

Na farko kirari. Mun tashi da Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, mazajen da ke tarar runduna su kaɗai. Mun ga 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki tana lanƙwashewa, mun ji kiɗan farauta. To, da marubuci ya sa wa yaro gariyo a hannu, sai alƙalamin ya koma tsohuwar hanya: ga shi ya daka tsalle, ya tarwatsa mutum ashirin, ƙarfe ba ya cin sa. Faɗan ƙauraye kuwa ba haka yake ba. Gajere ne, mummuna, yawanci mutum biyar a kan ɗaya, a lungu, rabinsa gudu ne. Wanda aka sara ma sau da yawa ba abokin gaba ba ne. Ɗalibi ne da ya fito da waya a hannu, ko ƙanen wanda ake nema da aka huce a kansa. Marubucin da ya ba sara shafi uku ya riga ya zama maroƙin ƙauraye, ko ya sani ko bai sani ba. Layi biyu sun ishi saran. Shafi ukun a ba abin da ya biyo baya: neman jini a asibiti, ɗan'uwan da ke rantsuwa sai ya rama, maƙwabtan da suka ga komai amma da 'yan sanda suka zo kowa ya ce yana masallaci.

Gado na biyu wa'azi. Labarinmu ya saba rufewa da sakayya, mugu ya mutu ko ya tuba, har sunan littafin Gagare ma ya yi wannan alkawari tun daga bango. Ba laifi ba ne mugu ya ga ƙarshensa. Matsalar ita ce mai karatu a Ƙofar Marusa ko Ƙofar Sauri ya san sauran ƙarshen da ba a rubutawa. Ya san wanda aka kama da safe aka yi belinsa kafin la'asar. Ya san wanda ya zama mai tsaron lafiyar wani honorabul, da wanda ya samu keke napep ya yi aure ya natsu ba tare da wata tuba mai hawaye ba, da wanda ƙwaya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana yawo a bakin kasuwa. In marubuci ya jefo hukunci daga sama don a ce ya yi gargaɗi, wannan mai karatu zai rufe littafin ya ce an yi masa tatsuniya.

Abin da nake ganin ya fi dacewa a koya daga 1982 yana cikin Turmin Danya ne: bin sawun kuɗi. Ƙaura ba ya cin wuƙa. Wa ke sayen wayar da aka ƙwato, nawa yake biya, ina ake sake ta? Wa ke kawo taramol, ta wace hanya, a garin da iyakar Nijar ke nan kusa ta Jibiya? Da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, ina masu sha suka koma, wa ya ci ribar tsadar? Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, yaran da ke ɗaukar shinkafa a babur ta daji fa? Sannan babbar tambaya: wa ke aiko da mota da kuɗin shan ruwa ranar kamfe, ya ɓace bayan an rantsar da shi? Wannan sana'a ta girmi yaran. Tun zamanin NPC da NEPU ake da 'yan banga. Roberto Saviano da ya rubuta Gomorra a 2006 kan miyagun Napoli ta ƙasar Italiya, da tashar jiragen ruwa ya buɗe littafin, da kaya da lissafi. A nan gida, Abubakar Adam Ibrahim ya yi irin wannan da Reza, shugaban 'yan wiwi a Season of Crimson Blossoms, littafin da ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016: ƙarfin Reza duka aro ne daga wani sanata, kuma labarin bai bar mu mun manta ba. Elnathan John ma a Born on a Tuesday ya fara da yaran da ake biya su yi ɓarna lokacin zaɓe. Da Turanci aka yi su duka biyun, abin da ya kamata ya ɗan sosa ran marubutan Hausa.

Bayan kuɗi sai unguwa. Katsina ba Legas ba ce da mutum zai ɓace cikin taro. Ƙauran nan ɗan wance ne, an san kakansa. Shi ne farkon zuwa gina kabari in an yi rasuwa, shi ke korar samarin wata unguwa daga ƙofar gidanku, kuma shi ya sari ɗan maƙwabcinku. Mutane na tsoronsa, suna kuma amfani da shi. Ka ɗauki daren da ya shigo gida da jini a riga. Uwar ba za ta yi doguwar huɗubar da marubuta ke sa mata a baki ba. In ɗan fari ne ko sunansa ba za ta kira ba. Za ta ce, "Kai, ka ci abinci?" Ya ce, "Na ci, Inna." Ta karɓi rigar ta jiƙa, don kada uban ya gani da asuba. Duk laifin gidan da duk ƙaunarsa suna cikin jiƙa rigar nan, kuma babu buƙatar marubuci ya fito ya yi bayani.

Saura harshe, inda takura ta fi yawa. Yaran nan ba su magana da daidaitacciyar Hausar makaranta. Katsinanci suke yi, gauraye da saƙon da su kaɗai ke ganewa, wanda ke canzawa kusan duk shekara, ga ashar. (Sauran Hausawa sun daɗe suna tsokanar Katsinawa da cewa ashar a wurinsu gaisuwa ce, marubucin Katsina bai da uzurin cewa bai san yadda ake yi ba.) Ba sai an zuba shi duka a takarda ba. Abin nema shi ne kari: gajeriyar jimla, tambayar da ba a jiran amsarta, yadda "Oga" ke fita daban da "Ranka ya daɗe" daga baki ɗaya cikin minti ɗaya. Masu fim sun fi shan matsi a nan, don a 2024 hukumar tace fina-finai ta Kano ta hana shirya fina-finan da ke nuna daba. Marubucin da ke sakin labarinsa babi-babi ta WhatsApp ya fi su sarari, sai dai shi ma masu karatu na matsa masa a sa faɗa a kowane babi.

Mai son ganin yadda ake zama da irin waɗannan matasa har su saki jiki, ya nemi fim ɗin Zinder na Aisha Macky, na 2021, wanda ta ɗauka a unguwar Kara-Kara ta Damagaram cikin 'yan "palais", ƙaurayen can. Ana ganin su suna ɗaga ƙarfe, suna safarar fetur daga iyakar Najeriya, suna lissafin abin da za a ci gobe. Ita 'yar garin ce, shi ya sa aka buɗe mata ƙofa. Marubucin Katsina ma yana da wannan gata, tare da haɗarinsa: a garin da kowa ya san kowa, dole ya canza sunan yaro da lungu da tabon fuska, ya haɗa mutum uku ya yi ɗaya, domin wanda ya ba shi labari zai kwana a unguwar bayan littafin ya fito.