Binciken ɗalibai: wa zai karanta shi?

A 2014 aka kafa jami'ar Difa. Kafin ɗalibi ya gama, yakan zaɓi matsala guda, malaminsa na yi masa jagora, ya bincika, ya rubuta, ya kare aikinsa gaban malamai. Wani kan ɗauki noman tattasai a bakin Komadugu, wani rairayin da ke binne kwaruruka wajen Maine Sorowa.

Irin wannan rubutu na da armashi inda ɗalibi ya taka da ƙafarsa, ya auna ƙasa, ya ƙirga buhuna, ya saurari tsofaffi. Inda ya juye maganar littattafan Turai kuwa, miya ce ba gishiri.

Babban aibinsa harshe ne. Da Faransanci ake rubuta shi. Makiyayin Fulatari da ya bar garkensa don amsa tambayoyi, ko ya iya karatu a ajinmu, ba zai gane layi ɗaya ba. To, malamai masu jagora, ku sa kowane ɗalibi ya taƙaita abin da ya gano cikin shafi biyu, da Fulatanci, Barbarci ko Hausa. Mu kuwa za mu karanta shi a ajin yaƙi da jahilci.