Bashin Ciyarwa Tsakanin Hukunci da Zartarwa: Tsokaci a kan Batsari da Safana

Malikiyya sun tafi a kan cewa ciyarwar da miji mawadaci ya hana matarsa bashi ce a wuyansa, ko da alƙali bai yanka ta ba. Tana faɗuwa ne kawai a kwanakin da yake cikin ƙunci. Hanafiyya kuwa ba sa ƙirga abin da ya wuce sai da hukunci ko yarjejeniya. Dokar Indiya ta 1973, sashe na 125, kafin a maye gurbinta a 2024, ta yarda a tsare mai taurin bashin, amma ta ba matar shekara guda kacal ta nemi sammaci.

A takarda, matar Batsari ko Safana ta fi samun kariya, domin bashinta ba ya mutuwa da cikar shekara. Sai dai masu kafa hujja da wannan fifiko suna tsallake tambayar da ta fi nauyi. Mijin da ɓarayin dajin Rugu suka kore wa shanu, ya yi gudun hijira zuwa Katsina, matalauci ne ko ɓoyayyen mawadaci? Daga wace rana ƙuncinsa ya fara? A kan wannan rana lissafin bashin ya rataya.

Mukhtasar Khalil ya buɗe ƙofa: idan miji ba ya nan, ana karɓar maganar matar, tare da rantsuwa, tun daga ranar da ta kai ƙara. Ashe jinkirin da dangi ke sa ta yi da sunan haƙuri yana raunana hujjarta. Wajibin malamai ne su sanar da mata wannan.