Alfadari Ya Samu Babi Guda

Kawuna tsohon soja ne. Muna yara a Damagaram mukan kewaye shi da daddare a ƙofar gida mu ce, "Kawu, ba mu labarin yaƙi." Sai ya gyara zama ya fara ba mu labarin takalmi: wanda ya matse shi, wanda aka sace masa, da yadda ake yin matashin kai da shi don kada a wayi gari babu. Daga nan ya koma kan shayi, wa ya iya dafawa a cikinsu, wa ke cinye sukarin mutane. Mukan tashi da haushi, muna ganin tsohon nan rowar labari yake mana. Sai da na girma na karanta littafin John D. Billings mai suna Hardtack and Coffee na gane cewa abin da ya fi yawa a rayuwar soja shi Kawu ya riƙa ba mu.

Billings mutumin jihar Massachusetts ne a Amurka. Ya shiga soja a 1862, lokacin yaƙin basasar da aka gwabza tsakanin Arewa da Kudu daga 1861 zuwa 1865, ya yi aiki a rukunin ƴan igwa na 10 na jiharsu, a ɓangaren Arewa. Littafin ya fito a Boston a 1887, da zane-zane sama da 200 na Charles W. Reed, wanda shi ma tsohon sojan igwa ne. A lokacin, janar-janar na ta fitar da littattafai kan dabarun yaƙi da wanda ya ci wane gari. Shi kuwa Billings sai ya ɗauki abin da suka tsallake, wato yadda ƙaramin soja ke ci, da kwana, da wanki, da jira. Sunan littafin ma sunan abinci ne: busasshen biskit da gahawa.

Babin abincin shi ne zuciyar littafin, kuma a nan na fara sara wa mutumin. Biskit ɗin gari ne da ruwa kawai, bai kai faɗin tafin hannu ba, kaurinsa kamar rabin inci, a ba mutum tara ko goma a yini. Billings ya zauna ya rarrabe aibinsa kamar mai sayen goro a kasuwa: wani ya yi tauri har haƙori ba ya iya shi, wani ya jiƙe ya yi hunhuna, wani kuma tsutsa da ƙwari sun riga soja shiga. Idan aka marmasa shi cikin gahawa mai zafi sai ƙwarin su taso sama, a kwashe su da cokali a ci gaba da sha. Wasu su jiƙa shi da ruwan sanyi su soya da kitsen alade. Mai kuɗi ya je rumfar ɗan kasuwar sansani, inda gwangwanin madara ke kai senti 75, alhali albashin ƙaramin soja dala 13 ne a wata. Ba a yi wa mai karatu wa'azi kan wahala ba ko sau ɗaya. An ajiye masa farashi da albashi ne kusa da juna, shi ya yi lissafinsa.

Wurin da na fi komawa shi ne rabon gahawa da sukari. A shimfiɗa bargon roba a ƙasa, a kasa gahawa tsibi-tsibi daidai da yawan mutane. Don kada a ce an yi son kai, sai saje ya juya baya riƙe da takardar sunaye, wani ya nuna tsibi ya tambayi na wa ne, saje ya kira suna ba tare da ya ga abin da aka nuna ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin kason naman watanda ya san abin da ke cikin zukatan mutanen nan. Soja zai iya haƙuri da yunwa idan kowa na jin ta, amma tsibin wani ya ɗara nasa da cokali guda, wannan sai ya kwana da shi a rai. A shafi ɗaya Billings ya nuna mini yadda mutane ɗari da ba dangin juna ba suke ƙirƙiro wa kansu adalci a tsakiyar daji.

Haka ya bi sauran abubuwa. Akwai babban tanti mai siffar hular gwangwani da ke ɗaukar mutum 12, su kwanta a manne har idan ɗaya zai juya sai kowa ya juya. Akwai ƙaramin da kowane soja ke ɗauke da rabinsa, sai ya samu abokin da za su haɗa maɓallai kafin su samu inuwa. Da sanyi ya shigo a gina bukkokin itace, a ɗora ganga a matsayin bututun hayaƙi. Sai ƙwarƙwata, wadda ba ta san hafsa ba balle kofur, wadda maganinta shi ne a tafasa tufafi, sau da yawa a cikin tukunyar da ake dafa abinci. Bigila ce ke yanka yini gunduwa-gunduwa: tashi, kiran suna, ba dawaki abinci, fareti, kwanciya. Ya kuma ware babi guda ga mutum biyu da babu sansanin da ya rasa su, mai tsautsayi wanda kullum ƙafarsa ke kifar da gahawar wani a bakin murhu, da malalaci wanda ciwonsa ke tashi daidai lokacin da za a je binne mataccen doki.

Mu da muka tashi da Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, mun saba da yaƙin da ke cike da kirari da sara da suka. Ina son littafin har gobe, kuma ban ɗora masa laifin abin da bai yi niyya ba. Amma jarumin irin wannan labari ƙwarƙwata ba ta cizonsa, kuma da wuya ka ga wanda ya daka masa guzuri. Karatun Billings ya sa na fara neman waɗannan mutane a duk labarin yaƙin da na ɗauka, kuma wannan neman ne ya juyo ya kama shi kansa Billings.

Aibin farko ƙarami ne, kuma shekaru ne suka jawo shi. Ya rubuta littafin shekara 22 bayan an ajiye bindiga, yana magana da tsofaffin abokan fama masu son a tuna musu a yi dariya. Saboda haka murya ɗaya ce daga farko har ƙarshe, muryar mai hira a dandali. Ta dace da labarin biskit. Amma da aka zo kan horo, inda ake ɗaure mutum a jikin ƙafar keken igwa hannu da ƙafa a bar shi na sa'o'i, ko a tura masa sanda a baki, muryar ba ta sauka yadda abin ya kamata ba. Haka batun cuta. A cikin sojojin da suka mutu a wannan yaƙi, kusan biyu cikin uku cuta ce ta kashe su, atuni da gudawa da taifot da ƙyanda, kuma a sansanin nan ne ake kamuwa da su, daga ruwan sha da masai da ke kusa da juna. Billings yana da babi kan asibiti da kekunan ɗaukar majinyata, amma wanda ke maƙale a ran mai karatu bayan ya rufe littafin shi ne mai ciwon ƙarya da safe. Wanda zawo ya ƙarar a kusurwar tanti ya wuce da sauri.

Aibi na biyu shi ya hana ni ajiye littafin cikin kwanciyar hankali. Alfadarin soja ya samu babi guda cur, da taurin kansa da harbinsa da kukansa, kuma babi ne mai daɗi ƙwarai. Tambarin rundunoni ya samu babi. Masu gina gada sun samu, masu aika saƙo da tuta sun samu. Baƙaƙen fata kusan 180,000 da suka sa kakin sojan Arewa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga gonakin Kudu, ba su samu babi ba. Yaƙin kuwa a kan bautarsu aka yi shi.

Na san abin da za a ce mini. Rundunonin a rarrabe suke, farare daban baƙaƙe daban, kuma mutumin ya rubuta abin da idonsa ya gani ne. Na yarda da rabin wannan. Amma a 1864 baƙaƙen sojoji na cikin ramukan da aka kewaye Petersburg da su, fagen da rukunin Billings ma yake. Kuma daga jiharsa ne aka tara bataliya ta 54 ta Massachusetts, wadda ta ƙi karɓar albashi na kusan wata 18 saboda an yanka wa baƙin soja dala 10, a cire 3 kuɗin kaki ya tashi da 7, fari kuwa yana karɓar 13. Sai a watan Yuni na 1864 Majalisa ta daidaita albashin. Marubucin da ya iya ganin nauyin cokali guda na gahawa a kan bargon roba, ban ga yadda zai ce ratar dala 6 ta fi ƙarfin idonsa ba. Littafin ya kira kansa labarin rayuwar soja da ba a rubuta ba. Wanda ya ɗauki wannan suna ya ɗauki alkawari.

Don haka duk wanda ya tambaye ni nakan ce ya karanta shi tare da wasu biyu. Na farko Army Life in a Black Regiment na Thomas Wentworth Higginson, na 1870. Higginson farar fata ne, kanar na wata bataliyar ƴantattun bayi da ta yi sansani kusa da Beaufort a Karolina ta Kudu. Ya rubuta yadda suke kewaye wuta da dare suna waƙa da addu'a da koyon karatu, ya kuma tsaya musu kan batun albashi, sai dai yana yawan kallonsu kallon uba ga yara, abin da ke gundurar babba. Na biyu, wanda na fi so, ƙaramin littafin Susie King Taylor ne, Reminiscences of My Life in Camp, na 1902. An haife ta baiwa a Jojiya a 1848, ta shiga wannan bataliya tana yarinya a matsayin mai wanki, ta yi jinyar marasa lafiya, ta koya wa sojoji karatu, shekara huɗu da wata uku ba a biya ta ko dala ɗaya ba. Rubutunta bai kai na Billings gwaninta ba, ba ta da barkwancinsa. Amma ita ce ke tsaye a bakin tukunyar da ake tafasa tufafin.

Wannan rami bai tsaya Amurka ba. A gaɓar kogin Kwara akwai garin Sansane Hausa, inda ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa a farkon 1899 ya nufo gabas, da ƴan tsirarun Faransawa, da sojoji baƙaƙe, da ɗaruruwan ƴan dako da matan da aka kamo a hanya. Abdoulaye Mamani ya ba mu Sarraounia a 1980, muka samu sarauniyar Lugu da tsayuwarta, kuma mun gode. A watan Yuli na wannan shekara ta 1899 sojojin ayarin da kansu suka juya suka kashe hafsoshin biyu a wajen Maijirgi. Shawarar da ta kai ga haka a sansani aka ƙulla ta, a bakin murhu, tsakanin mutanen da ke raba hatsin da aka ƙwato. Littafin wannan sansani, da irin idon Billings amma ba da makantarsa ba, shi nake jira daga marubutanmu.

Bana da na je gaishe da Kawu na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba. Na ce, "Kawu, wai wa ke muku wanki da daka a bariki?" Ya daɗe yana juya kofin shayinsa. Ya ce, "Mata ne, ɗana. Akwai wata tsohuwa da ta fi shekara biyar tana yi mana." Na ce yaya sunanta. Ya ce su dai Inna suke ce mata.