Ciwon ɓarin kai da ma'aunin da ya tsaya a kashi 50

Mai karatu, in ka taɓa fama da ciwon ɓarin kai, ka san ba ƙaramin ciwo ba ne. Haske ya dame ka, ƙara ta dame ka, ga tashin zuciya, kuma in ba a sha magani ba yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Sojojin Amurka da dama sun dawo da shi daga Iraƙi da Afganistan, musamman waɗanda fashewar bam ta girgiza musu ƙwaƙwalwa.

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka, wato VA, tana biyan su kuɗi duk wata gwargwadon kason nakasar da ta yanke musu. Ga wannan ciwo, ƙa'idarta mai lamba 8100 ta ce: in yana kwantar da kai sau ɗaya a wata biyu, kashi 10, sau ɗaya a wata, kashi 30, in yana yawan zuwa, yana daɗewa, har yana iya gurgunta neman abincinka, kashi 50. Shi ke nan, babu gaba.

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙa'idar ba ta fayyace abin da take nufi da kwantar da mutum ba. Gwajin jini ba ya nuna ciwon, hoton ƙwaƙwalwa ma galibi lafiya lau yake fitowa. Saboda haka wanda ya daure ya tafi aiki da rabin kai zai iya tashi da ɗan kaso kaɗan. Juriyarsa ce ta cuce shi ke nan.

Sannan ga rufin kashi 50. Ƙa'idar da ke ba wa wanda ya kasa aiki cikakken kuɗi tana neman kashi 60 in ciwo ɗaya ne. Ka ga wanda ciwon kai kaɗai ya raba shi da aiki, sai ya bi hanya ta musamman mai wahala.

Kimiyya fa ta wuce nan. Likitoci na ƙirga kwanaki ne: ciwon kai kwana 15 a wata, sama da wata uku, 8 daga ciki masu alamun ɓarin kai, shi ne mai naci. Akwai kuma ma'aunin MIDAS, mai lissafa ranakun da ciwon ya cinye wa mutum cikin wata uku, har da waɗanda ya je aiki amma ya kasa yin rabinsa. A ganina, irin wannan ƙidaya ya kamata VA ta ɗauka, ta kuma ɗage rufin nan.