Baƙaƙe Masu Kaushi na Mariya Montesori: Amfaninsu da Iyakarsu ga Koyar da Boko

A shekarar 1907 ne likitar nan Mariya Montesori ta buɗe gidan yara na farko a unguwar San Lorenzo ta birnin Roma, a 1909 kuma ta wallafa littafin da ya bayyana dabarunta. Daga cikin kayan aikinta akwai baƙaƙe da wasulla da aka yanka daga takarda mai rairai aka manna bisa kati mai santsi. Yaro yakan bi siffar harafi da yatsu biyu, yana kallonsa, malama kuwa tana furta sautinsa. Ido da kunne da hannu duk suna aiki lokaci guda. Asalin dabarar daga aikin Itard da Séguin na Faransa ne, waɗanda suka koyar da yara masu naƙasa.

Amfanin wannan ga Hausa a fili yake. Abin da ya raba ɓ da b, ko ƙ da k, lanƙwasa ce ƙarama wadda idon sabon ɗalibi kan tsallake, balle a ajin dare inda fitila ɗaya ake rabawa. Yatsa ba ya tsallake ta. Dabarar ma ba baƙuwa ce ƙwarai ba: almajiri da allonsa ya daɗe yana haɗa rubutu da rera karatu da rangaji.

Sai dai wasu masu yabon tsarin sun wuce gona da iri, suna ganin da an ƙara gaɓoɓin ji, fahimta za ta ƙaru. Hannu ba ya taɓa sai abin da aka rubuta. Boko kuwa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya haruffa huɗu ne iri ɗaya. Ko sau ɗari yatsa ya bi su, ba zai raba su ba. Nan aikin kunne ne, da jimlar da kalmar ta zauna ciki.

Akwai kuma batun shekaru. Montesori ta shirya kayan ne don yara ƴan shekara huɗu zuwa biyar. Magidanci mai kanta a hannu, wanda ya wuni da hauya a gonar hatsi, ba lalle kaushin takarda ya ratsa yatsansa ba, kuma yana iya ɗaukar abin wasan yara. Kafin a sa shi cikin shirin yaƙi da jahilci, ya kamata a gwada shi a aji, a gwama da zana harafi bisa rairai, wanda ba ya cin ko dala.